Jan Kifin da Muka Shafe

Litinin, 8 ga Mayu, 2000

An dawo daga hutu. Kowa ya zo da tsarabar biskit daga garinsu, babu wanda ya zo da aikin da ya yi alkawari. Ni na kai nawa, ɗan littafin bayanin da za a saka cikin kwalin wasan bidiyon da kamfaninmu ke yi. Shugaba Odagiri ya karanta a tsaye yana sosa ƙafa da silifas, ya ce, "Kuwabara-san, wannan ai kamar sanarwar hukumar ruwa. Ina zafin?" Na ce zafin yana cikin wasan, nawa aikin shi ne mutum ya san inda zai danna. Na tsufa a teburin labaran birni a jarida, ko a labarin gobara ban taɓa jin edita ya nemi a ƙara zafi ba.

Sunan wasan dai ya zauna: Gungun Iska. Samari da 'yan mata ne a kan takalman taya, an zana su kamar katun, da baƙin layi mai kauri kewaye da kowa. Suna sulu a kan dogo da rufin shaguna, suna fesa fenti a bango, 'yan sanda na biye. Wanda ya rufe zanen abokan gaba da nasa ya ci unguwa. Kyau kam yana da shi. Amma in na daɗe ina kallo kaina juyawa yake.

Laraba, 10 ga Mayu

Waya daga ofishin gunduma. Wani jami'i mai taushin murya ya ce ƙungiyar iyaye ta ga tallanmu a mujalla. Sau uku yana cewa ba ƙorafi ba ne. Wato ƙorafi ne.

Na ce wa Shugaba kada mu jira a rubuta mu, mu riga su. Ma'aikatan kamfani su fita ranar wata Lahadi su shafe zanen bango a unguwar nan, a gaban 'yan jarida. Kamfanin da ke wasa da fenti a talabijin, yana goge shi a titi. Ya tafa hannu ya ce, "Shi ya sa na ɗauko tsohuwar hannu!" Kalmar tsohuwar nan dai, da ya bar ta a cikinsa.

Juma'a, 12 ga Mayu

Nagumo Gonta ya kawo zanensa na ƙarshe, bayan mako biyu da ranar da ya sa wa kansa. Shi ne mai fesa bango na gaske da aka ɗauko, duk zanen bangon da ke cikin wasan daga hannunsa ya fito. Da rana yana fentin motoci a garejin kawunsa, sauran lokacinsa kuwa ban tambaya ba, don kada a wayi gari in zama shaida. Ya zauna a kan teburina, a kan takarduna, ya ce, "Goggo, har yau ba ki iya tsallaka motar farko a wasan ba? In koya miki?" Na ce sunana Kuwabara. Ya ce, "To, Goggo Kuwabara."

Yarjejeniyarsa na da wani sharaɗi da ban so ba tun farko: sai ya ga wasan a kammale ya buga hatiminsa kafin a kai faifan masana'anta. Ranar kaiwa 2 ga Yuni. In ta wuce, layinmu a masana'anta ya wuce, hutun bazara ya wuce, kuma Shugaba ya faɗa da bakinsa cewa kamfanin ba zai ga kaka ba.

Alhamis, 18 ga Mayu

Na zaɓi wurin da za mu shafe. Ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, bayan kasuwar kifi. Haske na shiga da safe, kuma akwai wani ƙaton jan kifi a tsakiyar bangon da zai fito sosai a hoto.

Lahadi, 21 ga Mayu

An yi. Gwiwoyina sun sani.

Ma'aikata sun zo cikin rigunan kamfani, rabinsu ban taɓa ganinsu a hasken rana ba. Jaridu biyu sun turo masu hoto. Jami'in gunduma ya kawo fenti ruwan toka da rola, ya yi jawabi. Bangon cike yake da sunaye da zane, wani kan wani, sai kifin ne shi kaɗai a fili, babu abin da ya taɓa shi. A gindinsa an jera gwangwanayen kofi, ko buɗe su ba a yi ba, wasu har sun yi tsatsa. Na zubar da kofin a kwata, na sa gwangwanayen a buhun da ya dace da su. Shugaba ne ya fara shafa rola a kan kifin, daga wutsiya, yana murmushi. Mai hoto ya ce ya sake, ya sake.

Komai ya tafi yadda na tsara. Na ci taliya a tsaye a tasha, na dawo gida na jiƙa ƙafa.

Litinin, 22 ga Mayu

Jaridu biyun sun buga, ɗaya ma da launi. Jami'in ya bugo yana godiya. Shugaba ya sa an manna shafin a ƙofar shiga.

Da la'asar Gonta ya shigo. Bai zauna a teburina ba. Ya ɓalle shafin daga ƙofa, ya ajiye a gabana, ya ɗora yatsa a kan abin da ya rage na kifin. "Wa ya zaɓi nan?" Na ce ni. Ya ce, "Kofin fa?" Na ce na kwashe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen Shugaba ya ce, "Oga, ku cire hannuna daga abinku. Duka." Ya fita, ko ƙofar bai buga ba. Da ma ya buga.

Talata, 23 ga Mayu

Hozumi ce ta bincika mana, injiniyar da ke haɗa sassan wasan, ta san wasu daga cikin masu fesa bango. Kifin na wani ne mai suna Sabu. Shi ya koya wa Gonta riƙe gwangwani, shi da rabin masu fesa bangon wannan yanki. Ya mutu a haɗarin babur shekaru shida da suka wuce, kifin shi ne zanensa na ƙarshe. A al'adarsu kowa na iya rufe kowa, faɗan ke nan, amma ba a rufe mamaci. Har gungun da suka yi gaba da shi kewaye kifin suke yi. Kofin kuwa irin wanda yake sha ne.

Bango cike da datti, abu ɗaya tsaf a tsakiya, da abin sha a gindinsa. Da sabon ɗan rahoto ne ya dawo mini daga irin wurin nan bai tambayi kowa komai ba, da na mayar da shi a jirgi na gaba.

Amma a bar maganar a inda take: bangon na kamfanin jirgi ne, ba na Sabu ba. Babu alama, babu suna, babu kwanan wata. Yaya mutum zai sani? Mutanen da dokarsu ba a rubuce take ba, kuma suna fushi in ba ka karanta ta ba!

Laraba, 24 ga Mayu

Mun je ban haƙuri garejin kawun Gonta. Shugaba ya aro kwat wadda hannunta bai kai wuyan hannunsa ba. Ni na riƙe akwatin alawar wake, daga shagon da ake sayen ta in laifin babba ne. Muka rusuna a tsakanin wata motar kaya da buhunan yashi, Shugaba yana karanto kalmomin da na rubuta masa, ya tsallake layi guda.

Gonta bai cire abin rufe hancinsa ba. "Goggo, miƙe, bayanki zai ƙage a ce ni ne." Na ce za mu buga ban haƙuri a cikin ɗan littafin, a shafin farko. Ya ce, "Sabu ko takardar tara ba ya karantawa." Shugaba ya ce kamfani zai nemi izini, ya sayi fenti, Gonta ya sake zana kifin a wurinsa. Sai ya cire abin hancin. "Oga, in babanka ya mutu, kai kake buga hatiminsa? Ba a zana hannun wani." Ya koma kan motarsa.

Kawun ne ya karɓi alawar. Ya ce shi dai ba a yi masa komai ba, amma ba ya son a yi asara.

Alhamis, 25 ga Mayu

Masu zane sun ce ko barci suka daina ba za su maye gurbin aikin Gonta kafin ranar ba. Shugaba ya rufe kansa a ofis yana jin waƙar buɗe wasan, ita kaɗai, a maimaice. Wani ya ajiye mini shayi a tebur a hankali, kamar yadda ake yi wa mai zaman makoki.

Na bi ta gadar a hanyar gida, ba don komai ba, ta fi kusa. Bangon na nan fes, ruwan toka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kwana huɗu, fili irin wanda suke mafarki, babu wanda ya ɗiga ko ɗigo. A ƙasa, daidai tsakiya, sabon gwangwanin kofi.

Na bar shi. Ba ni da buhu.

Juma'a, 26 ga Mayu

Hozumi ta kira ni wajenta, tana cin taliya daga kofi. Ta ce, "Kuwabara-san, kada ki faɗi, amma sau biyu muka kashe kifin nan." Ashe bara masu zane sun zaga unguwa suna ɗaukar hoton bangaye don su samu siminti na gaske a wasan. Bangon gadar yana cikin matakin farko, a wani lungu bayan tashar bas. Sun goge kifin daga hoton saboda yana ɓata musu simintin. Hoton asali yana nan a ajiye, kifin cikakke, har da ƙaramin tabon da ke kusa da idonsa.

A jarida, in ka yi kuskure a shafi na uku, a shafi na uku kake gyara. Na ce a mayar da shi inda yake. Ta ce an rufe wasan, Shugaba ya hana a taɓa ko ƙwayar yashi. Na ce Shugaba yana jin waƙa. Na ce kuma ta kulle bangon yadda babu ɗan wasan da zai iya fesa komai a kansa har abada. Ta ce, "Asabar ɗina da Lahadina fa?" Na ce zan kawo abinci. Ta ce ba taliya ba.

Lahadi, 28 ga Mayu

Na kai shinkafa da gasasshen kifi. Sai da na buɗe na lura. Hozumi ta yi dariya har ta ƙware.

Litinin, 29 ga Mayu

Kawun ya turo Gonta, albarkacin alawa ina ji. Ya zo da fenti a gira. Hozumi ta miƙa masa abin dannawa, ya kora yarinyar cikin wasan mai koren gashi ta bi ta bayan tashar bas, ta shiga ƙarƙashin gada. Kifin ya cika talabijin. Ba a sa masa baƙin layin katun ba, an bar shi yadda yake, shi kaɗai ne abu na gaske a duk garin. Gonta ya tsayar da yarinyar a gabansa. Na fara numfashi.

Sai ya danna fesawa. Gwangwanin ya ƙi, wata jar alama ta fito a kan kifin: AN HANA. Ni na rubuta ta. Kalma biyu, babu kuskure.

Ya ajiye abin dannawar. "Yaya Hozumi, mene ne wannan?" Ta nuna ni da sandar cin abinci, munafuka. Na ce mun kare shi ne, yanzu babu mai iya taɓa shi. Ya ce, "Kin mayar da Sabu allon 'yan sanda. Shekara shida babu shinge, babu mai gadi, kowane ɗan iska da gwangwani a aljihu yana wucewa ta nan. Kowa na iyawa, Goggo. Ba su yi ba ne." Na ce yaran da za su sayi wasan ba su san Sabu ba, za su rufe shi a ranar farko. Ya ce, "Ruwansu."

Na yi shekaru ina hira da 'yan majalisa, ban gamu da mai wuyar sha'ani irin wannan ba. Ka shafe, laifi. Ka kare, laifi.

Talata, 30 ga Mayu

Sharuɗɗansa, ta bakin Hozumi, don ni ya daina ɗaukar wayata. A cire kullen. Kada a sa kibiyar da ke nuna wa ɗan wasa inda zai fesa. Wanda ya rufe kifin kada a ba shi maki, kada a rage masa. Kada a rubuta komai a ɗan littafin. Kada sunan Sabu ya fito ko'ina.

Na ce aƙalla layi ɗaya a ƙarshe, cikin sunayen ma'aikata, da ƙananan haruffa. Ta dawo da amsa: "Ya ce a gaya wa Goggo ba komai ne ke buƙatar bayani a ƙasansa ba." Aikina ke nan tun kafin a haife shi, rubuta bayani a ƙasan abu.

Masu gwajin wasa sun karɓa da yamma. Na farko ya shiga lungun, ya ga bango, ya fesa, ya wuce. Aikinsa ne, na sani. Na fita na sha ruwa.

Alhamis, 1 ga Yuni

Gonta ya buga hatimin. A karkace, kuma ina da yaƙinin da gangan ne. Ya zauna a kan takarduna ya ce, "Goggo, kin rame." Na ce Nagumo-san, sauka.

Yana fita Shugaba ya farfaɗo kamar an zuba wa alayyafo ruwa. "Kuwabara-san, kin ga labari? Mamacin mai zane, kuskure, nadama, kifi ya dawo da rai a cikin wasa! Talabijin za su yi kuka. Rubuta mini kafin gobe." Gaskiyarsa ne. Labari ne mai kyau, mafi kyau da ya zo hannuna tun da na bar jarida, har kanunsa ya riga ya zauna mini a ka. Na ce an yi alkawari. Ya ce ai ba a rubuce yake ba. Na ce to ya nemi wani ya rubuta, ni hannuna na ciwo.

Ya kalle ni kamar teburin ne ya yi magana.

Juma'a, 2 ga Yuni

Faifai ya tafi. Na yi barci a jirgi har na wuce tashata.

Laraba, 21 ga Yuni

Ruwa ba ya tsayawa, wankina ya ƙi bushewa. Tsohon abokin aikina na teburin al'adu ya bugo, zai yi rubutu a kan wasan, ko akwai wani ɗan labari na mutane a bayansa? Na ce akwai sabuwar dabarar zana baƙin layi, in yana so in haɗa shi da injiniya. Ya yi hamma a kunnena. Ya kira ni da sunana na farko ya ce, "Michiyo, da ba haka kike ba." Na ce da ma can haka nake, shi ne bai lura ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Wasan ya fita kasuwa. Shugaba ya sa takalmi sau-ciki. Mujallu sun yaba launi da kiɗa, ɗaya ta ce juya kyamara na sa jiri, abin da nake faɗa tun Mayu. Babu wadda ta ambaci kifi.

Da rana aka tura ni wani babban shagon kayan lantarki in ga yadda aka jera kwalayen. Sun kafa na'ura a bakin ƙofa, kowa na gwadawa kyauta. Na tsaya a baya. Yawancinsu ba sa shiga lungun ma, suna bin kibiya kamar tumaki. Wata ɗaliba ta shiga bisa kuskure, ta tsaya a gaban kifin, ta ɗan jima, ta juya ta fita. Wataƙila maɓallin ne ba ta gane ba. Ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba.

Bayanta wani mai kwat da jaka a tsakanin ƙafafu, ya isa ya haifi ɗalibar, ya shiga ya zabga masa shuɗi tun daga kai har wutsiya, ya jira maki, bai samu ba, ya yi tsaki ya tafi. Babba da shi.

Juma'a, 21 ga Yuli

Zafi. Shugaba yana maganar kashi na biyu, yana son a sa jirgin sama. Hozumi ta tafi garinsu ba ta bar lamba ba, ta yi hankali.

In an kashe na'urar shagon nan an kunna, bangon yana komawa yadda yake, da kifinsa. Maɓallin yana baya, sai mutum ya durƙusa, kuma gwiwar hagu ba ta yarda da wannan ba. Yau mai shagon ya tare ni, ya ce, "Baiwar Allah, kullum da rana sai kin kashe mana na'ura, wani abu ne ya lalace?" Na nuna masa katin kamfani, na ce dubawa ce ta yau da kullum. Ya rusuna ya ba ni haƙuri, har ya kawo mini kujera.

Yau sau ɗaya kawai na durƙusa.

Taliyar wancan layin ta fi ta unguwarmu, shi ya sa nake zuwa can cin abincin rana.